Cin abinci a Negril ta Jamaika: yadda za ka ƙoshi ba a tsuga maka kuɗi ba, ba ka kuma ci abin da ba ka so ba

Negril wani ɗan gari ne a can ƙarshen yammacin Jamaika, daga filin jirgin sama na Sangster da ke Montego Bay tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, kuma kusan duk wanda ya je can dai ruwa da rairayi ne suka kai shi. To amma ruwa ba ya maganin yunwa. Yawancin baƙi otal suke kamawa irin wanda ka biya kuɗin komai tun daga gida, ci da sha da kwana, sai mutum ya yi sati guda yana cin taliya da cips kamar yana Landan, ya dawo ya ce maka ai abincin Jamaika ba wani abu ba ne. Bai ci ba ne kawai. Abincin yana waje, a bakin titi da ƴan rumfunan katako, kuma wallahi idan ka fito za ka sha mamakin yadda ya yi kama da namu.

Abu na farko, ka gane yadda garin yake tukunna, domin shi zai gaya maka inda za ka ci da kuma nawa za ka kashe. Kashi uku ne. Akwai ɓangaren rairayi, wato Seven Mile Beach, wanda titin Norman Manley Boulevard ya bi ta bayansa, nan ne otal-otal suke jere da gidajen abinci da teburansu a kan yashi. Akwai West End, inda babu rairayi sai duwatsu masu tsayi da teku ke dukansu daga ƙasa, nan ne ake zuwa kallon faɗuwar rana, nan Rick's Cafe yake wanda aka buɗe tun 1974 inda samari ke tsalle daga kan dutse su faɗa ruwa. Sai tsakiyar gari wajen shataletale, inda bankuna da kantuna da tashar tasi suke, da hanyar da ta miƙe zuwa Savanna-la-Mar. Ƙa'idar da na lura da ita mai sauƙi ce, duk yadda teburinka ya matso kusa da ruwa haka kuɗin ke hawa. Abincin da direbobi da ma'aikatan otal ke ci yana tsallaken titi ko cikin gari, a ƴan shagunan da suke kira cookshop, kamar dai mai tuwo-tuwo a wajenmu, an rubuta abincin ranar a allo, a zuba maka a roba ka zauna a benci ko ka tafi da abinka.

Na biyu maganar kuɗi, kuma nan ne ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa. Dalarsu daban, dalar Amurka daban, amma alamar rubutun iri ɗaya ce. Dalar Amurka ɗaya ta haura dalar Jamaika 150, don haka idan ka ga an rubuta 1,200 a gaban kaza da shinkafa kada gabanka ya faɗi, tasu ce. Idan kuma ka ga 25 a gaban kifi kada ka yi murna ka ce ka tsinci dami a kala, ta Amurka ce. Ka tambaya kafin ka zauna, “J or US?” shi kenan, kowa zai gane ka. Ka canza kuɗi a kambiyo na cikin gari ko ka cira a ATM, ka riƙe ƙananan takardu, ƴan ɗari da ƴan ɗari biyar, wadda suke ce wa Nanny saboda hoton wata jaruma mai wannan sunan da ke jiki, shugabar Maroon, wato bayin da suka gudu suka shige duwatsu. Za su karɓi dalar Amurka a ko'ina amma da nasu lissafin za su karɓa, canjin kuma da tasu za su ba ka, kullum kai ne a ƙasa. A manyan gidajen abinci kati na aiki, sai dai ka duba bil ɗin da kyau: wasu kuɗin da ke menu bai haɗa da haraji ba, wasu kuma sun riga sun ɗora kashi 10 na hidima. In sun ɗora ba dole sai ka ƙara ba, in ba su ɗora ba ka bar wa wanda ya yi maka hidima kashi 10 zuwa 15, albashinsu ba wani mai yawa ba ne. A cookshop ba a wannan lissafin, ka bar canji in ka ga dama.

Yanzu ga babbar magana ga mafi yawanmu, alade. Mutanen Jamaika na cin alade sosai, kuma matsalar ba wanda kake gani ba ce, wanda ba ka gani ne. Akwai wani abinci da suke ji da shi, stew peas, jan wake ne da madarar kwakwa, kana kallonsa ka ce ai wannan faten wake ne kawai, alhali da wutsiyar alade mai gishiri ake dafa shi. Haka miyar jan wake ta ranar Asabar, haka pepperpot, sau da yawa akwai ita a ciki. Wasu ma har cikin abincin karin kumallo suna yanka bekon. Don haka kada ka tsaya a “akwai alade a ciki?” kawai, wata za ta ce maka babu don ta tsame naman. Ka ce mata ba ka cin pork, ba ka cin pig tail, ba ka cin abin da aka dafa tare da shi. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne wannan tambayar ba baƙuwa ba ce a wajensu ko kaɗan, domin ƴan Rasta ba sa cin alade, mabiya cocin Adventist da suke da yawa a ƙasar su ma ba sa ci, saboda haka ba wanda zai yi maka kallon mai iyayi. Shago na ɗan Adventist ma ka samu to ka huta, sai dai ka sani ranar Asabar a rufe yake.

Maganar yanka kuma daban ce. Musulmi ƴan kaɗan ne a Jamaika, kada ka sa rai za ka ga an rubuta halal a ƙofar shago a Negril. Wasu na bin fatawar yankan ahlul kitabi su ci kaza da akuya, wasu ba sa yi, wannan ka tambayi malaminka tun kafin ka hau jirgi. Ni dai kifi na fi riƙewa da abincin Rasta, kuma ban yi ramar komai ba. Abincin nasu sunansa ital, babu nama, yawanci babu gishiri ko kuma ɗan kaɗan, kabewa ce da wake da kuɓewa da doya da ganye a cikin madarar kwakwa. Ranar farko za ka ji shi salam, ka sa yaji, kwana biyu za ka saba. In ka ga rumfa an shafa mata ja da rawaya da kore to ka leƙa.

To mu bi yini ɗaya daga safe.

Karin kumallo ka nemi ackee and saltfish, shi ne abincin ƙasa gaba ɗaya. Za a kawo maka wani abu rawaya kamar soyayyen ƙwai da albasa da tumatir da busasshen kifi mai gishiri, amma ba ƙwai ba ne, ɗan itace ne. Kuma namu ne, daga Afirka ta Yamma aka kai shi can a ƙarni na 18, shi ne gwanja kusa, wanda Yarabawa ke ce wa ishin. Mu muna wuce bishiyarsa ba ma ko kallo su kuma sun mayar da shi abin alfahari. Gargaɗi ɗaya, kada ka ga bishiya a harabar otal ka tsinko, wanda bai buɗe da kansa a kan bishiya ba guba ne, yana zubar da sukarin jini ya sa amai, yana kisa. Ka bar wa masu girki aikinsu. Za su tambaye ka da me za a haɗa, in ka ji an ce “food” ba wai abinci gaba ɗaya suke nufi ba, dafaffiyar doya ce da ɗanyar ayaba dafaffiya da wani curin fulawa. Callaloo kuma alayyahu ne, ba wani abu ba. In cikinka ba ya ɗaukar nauyi da safe akwai masu kunu a bakin titi, na masara da na gyaɗa, na gyaɗar nan kamar kunun gyaɗarmu sai dai sun fi mu zuba madara da kayan ƙamshi.

Abincin rana ka yi shi da wuri. Cookshop na sauke tukunya wajen sha ɗaya da rabi zuwa sha biyu, kafin ƙarfe biyu wutsiyar shanu ta ƙare, akuya ta ƙare, sai abin da aka rage. Komai da rice and peas ake ba da shi, wato shinkafa da wake, amma da madarar kwakwa da albasa mai lawashi da attaruhu guda da ake jefawa ba a fasa ba. Curry goat ɗinsu daga Indiyawan da aka fara kawowa aikin rake a 1845 ya samo asali, naman na da ƙashi da yawa, ka ci a hankali. Ka ce a zuba maka romo a kan shinkafar, kyauta ne. Kuma suna da gyara! Brawta suke ce mata, in ka yi wa mai abinci fara'a ka gaishe ta da kyau ka ce ina brawta, dariya za ta yi ta ƙara maka soyayyar agada. Gaisuwar nan kada ka raina ta, mutum ya shigo shago bai ce gud monin ba ya hau oda, to ranar zai ga ɗaurin fuska. In sauri kake ka sayi patty, kamar mitfai ne mai rawayan ɓawo, akwai na nama da na kaza da na ganye, ana cusa shi cikin wani burodi mai laushi da suke kira coco bread, biyu sun ishe ka har la'asar.

Sai jerk, wanda saboda shi ma wasu ke zuwa. Ka ɗauka tsire ne na can. Ana jiƙa naman cikin haɗin attaruhunsu mai suna Scotch bonnet, da pimento wanda ƙamshinsa ke kama da kanumfari da kirfa a haɗe, da albasa mai lawashi da tayim, ya kwana, sannan a gasa a hankali cikin hayaƙi. Asalinsa daga Maroon ne, bayin da suka gudu suka shige duwatsu, kuma Boston Bay da ke can gabashin ƙasar ita ake ɗauka gidansa, inda ake gasawa a kan itacen pimento ɗin kansa. A Negril abin da za ka fi gani shi ne duro da aka tsaga biyu aka mayar da shi murhu, masu shi na fitowa bakin titi da yamma har tsakar dare, hayaƙi ne zai kai ka wajensu. Ana sayarwa kwata ko rabin kaza, a sassara da adda, a naɗe maka a takardar foyil da yankan burodi ko festival, wani soyayyen ƙullin masara da fulawa mai ɗan zaƙi, ɗan uwan fanke. Kafin ka ce a ba ka, ka sa ya ɗaga murfin ka gani da idonka, kaza kaɗai ce ko akwai alade a gefe? Adda ɗaya da katako ɗaya ake sara su? Masu kaza zalla suna nan da yawa, kada ka ji kunyar wucewa gaba. Ka kuma tambaya ko yana yayyafa giya, don wasu da Red Stripe suke jiƙa naman yana kan wuta. Miyar yajin kuma ka ce a zuba a gefe. Na san za ka ce kai ɗan gidan yaji ne, ni ma haka na ce, na yi hawaye a gaban mutane.

Kifi shi ne inda za ka fi morewa kuma shi ne inda aka fi yanka baƙo. Da awo ake sayarwa, fam-fam, fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Matakin shi ne ka je wajen kular ƙanƙara ka zaɓi kifinka da kanka, ka duba idonsa garau yake, ka ɗaga kunnen ka ga ja ne, a ɗora a sikeli a gabanka, a faɗa maka jimillar kuɗin har da abin haɗawa, sannan a kunna wuta. Ni na taɓa yin sakaci a wata rumfa a bakin ruwa, na ce a kawo kifi kawai ban tambaya ba, mutumin ya zaɓo wani ƙato kamar na biki, da bil ya zo sai da na sake kirgawa sau biyu, kuma ba yadda zan yi tunda na riga na cinye. Girkin iri uku aka fi yi. Escovitch soyayye ne ƙarau aka zuba masa albasa da karas da attaruhu da aka jiƙa a binega. Steam fish kamar farfesu ne mai kauri da kuɓewa da kabewa, har biskit mara zaƙi suke jefawa ciki ya sha romo. Sai brown stew, a soya sannan a mayar cikin miya. Ka haɗa da bammy, wainar rogo ce da ake jiƙawa a madarar kwakwa a soya, tun zamanin Taino mutanen asalin tsibirin ake yin ta. Snapper ka nema, ko kingfish. Barracuda babba ka bar shi ko da an ce maka ya fi daɗi, yana iya ɗauke da gubar da ake kira siguwatera wadda wuta ba ta kashe ta. Parrotfish, mai launi-launi ɗin nan, mutanen gari na sonsa amma masu kare teku na roƙon a rage cinsa don shi ke share duwatsun murjani har ya samar da farin yashin da ka zo kwanciya a kai. In ka ga lionfish a menu ka ci da zuciya ɗaya, baƙon kifi ne da ya addabi tekun, so ake a cinye shi.

Lobsta, wato babban jatan landen nan, tana da lokaci. Daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni doka ta hana kama ta a Jamaika don lokacin hayayyafarta ne. Duk wanda ya zo maka a bakin ruwa cikin waɗannan watannin yana raɗa maka yana da sabuwa, ka ce masa ka gode. Sauran watanni kuma za ka ga masu yawo da ita a rairayi, ko masu kwalekwale su ce su kai ka ɗan tsibirin Booby Cay a gasa maka a can, duk lafiya, amma a gama ciniki a kan tudu, kuɗin jirgi nawa, na abinci nawa, da dawowa.

Kuma ka zo da haƙuri. In mai abinci ya ce maka “soon come” to irin “ina zuwa” ɗinmu ce, tana iya zama minti goma tana iya zama awa. Kifin da ake fara gyarawa bayan ka yi oda ba zai fito a minti ashirin ba, don haka kada ka bari sai yunwa ta ci ka sannan ka fita. Wayon da na koya shi ne in biya da rana in ce a ajiye mini kaza ko kifi kaza, zan dawo ƙarfe bakwai.

Abin sha, nan ma sai ka buɗe ido. Sorrel zoɓo ne sak, da citta da komai, an fi yin sa lokacin Kirsimeti, amma na gida sau da yawa akwai ram a ciki, giyar rakensu, ka tambaya. Haka kek ɗinsu baƙi, haka wani ayis kirim mai zabibi. Duk abin da aka ce punch ka tambaya ko da giya, in ba ka so ka ce virgin. Abin da ba ya buƙatar tambaya shi ne ruwan ɗanyar kwakwa da za a sare maka kai a gabanka, in ka shanye ka miƙa a tsaga maka ka kankare na cikin. Akwai lemon kwalba Ting mai ɗan ɗaci, akwai kofin Blue Mountain. Har goro suna da shi, bissy suke ce masa, amma ba tauna shi suke ba, gogawa suke su dafa kamar shayi in ciki ya ɓaci. Wani abu kuma da ba a faɗa wa baƙo: tun 2015 aka sassauta dokar wiwi a ƙasar, kuma a Negril akwai masu yawo da kek ko biskit suna cewa “special”. Special ɗin nan ba wai ya fi daɗi ba ne, ganye ne a ciki. Akwai ma shayin wata laimar kwaɗi mai juya kai. Kada ka saya wa yara wani kek a hannun mai yawo.

Abincin dare a West End ka yi shi ko sau ɗaya ne, ko da ya fi tsada, domin garin yamma yake kallo kuma rana a cikin teku take faɗawa. A Disamba wajen biyar da rabi ta faɗi, a Yuni kuma sai bakwai saura, ka je da awa guda kafin nan in kana son tebur na bakin dutse. Daga tsakiyar Disamba zuwa Afrilu garin cike yake, ka buga waya ka kama wuri. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin guguwa ne, baƙi sun ragu, wasu wuraren na rage awanni ko su rufe gaba ɗaya, kuma yammacin ƙasar ya sha dukan guguwar Melissa a Oktoban 2025, don haka kada ka dogara da abin da ka gani a Google Maps, ka kira ka ji an ɗauka. Rick's ka je don kallo, akwai kiɗa da cunkoso da masu shaye-shaye, in da iyali kake kuma kana son natsuwa ƙananan wuraren da ke kan titin sun fi. Ka shafa maganin sauro a ƙafa kafin magariba, akwai wasu ƴan ƙananan ƙwari a yashi da ba ka ganinsu sai dai ka ji cizo.

Dawowa kada ka ce za ka taka, titin West End siriri ne, kwana-kwana, babu wajen masu tafiya a ƙasa sosai, ga duhu, ga shi ta hagu suke tuƙi sai ka duba ɓangaren da ba shi ba. Gidajen abinci da dama a can na aiko mota ta ɗauke ka ta mayar da kai kyauta in ka kama tebur, ka tambaya lokacin da kake waya, direban dai ka ba shi na goro. In tasi za ka hau ka duba lambar motar ja ce, su ne masu lasisi. Ta haya da ake cika mutane kuɗinta kaɗan ne, amma in ka shiga kai kaɗai da dare direba zai ɗauka shata ka yi, don haka ka tsaya a bakin taga ku gama magana, nawa ne, dalar wa, na mutum ɗaya ne ko na mota, sannan ka buɗe ƙofa.